Faɗuwar tsofaffi a cikin gida: abubuwan da ke jawo ta da waɗanda iyali za su iya gyarawa

Idan tsoho ya faɗi a tsakar gida, abin da aka saba yi shi ne a ɗaga shi, a yi masa sannu, a shafa masa man zafi inda ya bugu. Muddin ba a ga jini ko karaya ba, sai a ce tsufa ne, a bar maganar. Ma'aikatan lafiya kuwa suna ɗaukar irin wannan faɗuwa a matsayin gargaɗi. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fi wanda bai taɓa faɗuwa ba haɗarin sake faɗuwa, kuma babu wanda ya san wacce ce za ta zo da karayar da za ta kwantar da shi.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum dubu 684 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa. A cikin raunukan da ke samun mutane ba da gangan ba, haɗarin hanya ne kaɗai ya fi ta kisa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace suna faruwa ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikin mamatan. Wani rahoto da hukumar ta fitar a 2007 ya nuna cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara. Ga waɗanda suka haura 70, adadin yana kai wa kashi 32 zuwa 42.

A Nijar ba a cika jin wannan batu ba. Kusan rabin al'ummar ƙasar yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, waɗanda suka kai 60 kuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Saboda haka hankalin hukumomin lafiya ya fi karkata ga mata masu ciki da ƙananan yara. Tsofaffi suna hannun iyalansu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Ke nan ƴaƴa da jikoki da surukai ne ke da damar fara ganin alamun haɗari, idan sun san abin da za su duba.

Yadda jiki ke tsayuwa

Tsayuwa da tafiya aiki ne na haɗin gwiwa. Ido yana ganin hanya. A can cikin kunne akwai wani sashe da ke sanar da ƙwaƙwalwa ko kai ya karkata. Jijiyoyin tafin ƙafa suna jin yanayin ƙasa, ko tudu ne ko rami. Ƙwaƙwalwa ta haɗa waɗannan saƙonni, ta umarci tsokar cinya da ta ƙwauri su gyara tsayuwa kafin ƙiftawar ido. Shi ya sa matashi kan yi tuntuɓe ya dafe, ya wuce abinsa.

Da shekaru suka ja, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yakan ragu kaɗan. Raguwar guda ɗaya ba ta cika kayar da mutum ba, domin sauran suna rufa mata asiri. Matsalar tana zuwa ne idan biyu ko uku suka haɗu, sannan aka samu wani abu a gida da ya tare ƙafa. Mai yanar ido, wanda gwiwarsa ke ciwo, ya tashi da sauri cikin duhu zai kewaya, ga dokin ƙofa a gabansa: abubuwa huɗu ke nan a wuri ɗaya. Gwargwadon yawan irin waɗannan dalilai, gwargwadon girman haɗarin. Kuma duk wanda aka cire daga cikinsu, haɗarin ya ragu.

Raunin ƙafa da yawan zama

Tsoka tana raguwa da tsufa, kuma zama wuri ɗaya yana gaggauta raguwar. Dattijon da ya daina zuwa gona ko kasuwa, ko tsohuwar da aka karɓe mata dukan aikin gida don girmamawa, sukan wuni a kan tabarma. Bayan ƴan watanni sai a ga tashi ya zama sai da dafa bango. Jinyar mako ɗaya ko biyu a kwance, ko da ta zazzaɓin cizon sauro ce, tana iya rage wa tsoho ƙarfin ƙafa sosai. Kwanakin farko bayan tashi daga ciwo suna cikin lokutan da ya kamata a fi sa ido.

Abinci ma yana da hannu. Wanda haƙoransa suka zube yakan koma ga koko da kunu da fura marar nono sosai, ya bar nama. Ciki yana cika, amma tsoka ba ta samun abin gina ta. Nono, wake, ƙwai, kifi, awara da miyar gyaɗa duk suna taunuwa ko shayuwa cikin sauƙi, kuma suna cike wannan giɓi. Ƙarancin jini shi ma yana sa kasala da jiri.

Sai ciwon gwiwa da na kwankwaso, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon karkarwa da likitoci ke kira Parkinson, waɗanda duk suke sauya yadda mutum ke taka ƙasa. Ciwon suga da ya daɗe yana kashe jijiyoyin tafin ƙafa, har takalmi ya fice wa mutum bai ji ba. Gigin tsufa kuma yana sa mutum ya manta cewa ba ya iya abin da yake yi a da.

Ido da kunne

Yanar ido ita ce kan gaba wajen jawo makanta a duniya, kuma tana shigowa ne a hankali, har mai ita ya saba da hazo bai ankara ba. Abin da ta fara ɗaukewa shi ne iya bambanta abubuwa masu kama da juna: bakin matakala da daɓe, ko igiya da ƙasa. Da magariba ta yi, abin ya ƙaru. Aikin cire yanar ido gajere ne, ana yin sa a sassan kula da ido na manyan asibitoci da kuma lokacin ayyukan ido na tafi-da-gidanka, kuma an nuna cewa yana rage faɗuwa. Hawan jinin ido, wato glokom, yana cinye gani ta gefe, sai mutum ya riƙa karo da abin da ke kusa da ƙafarsa. Tabaran karatu da ake saye a kasuwa don ganin rubutu aka yi su. Wanda ya yi tafiya da su a ido zai ga ƙasa dishi-dishi.

Akwai kuma hajijiyar da ke tasowa daga cikin kunne, wadda ke sa ɗaki ya yi ta juyawa na ƴan daƙiƙoƙi idan mutum ya juya a kan gado ko ya ɗaga kai sama. Tana da yawa a wurin tsofaffi, kuma sau da yawa ana magance ta da wasu dabarun juya kai da likita ke yi, ba tare da allura ko ƙwaya ba.

Jiri lokacin tashi

Idan mutum ya miƙe daga kwance, jini yakan gangara ƙafafu. A jikin matashi, zuciya da jijiyoyin jini suna gyara wannan nan take. A jikin tsoho gyaran yana jinkiri, tansiyo ya sauka, ido ya yi duhu, ƙafa ta saki. Ana gane wannan matsala cikin sauƙi a CSI: a auna tansiyo mutum yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe. Idan lambar sama ta sauka da 2, misali daga 14 zuwa 12, ko ta ƙasa ta sauka da 1 cikin minti uku da tsayuwa, to akwai matsalar.

Rashin ruwa a jiki yana tsananta ta. Tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa kamar matasa ba, wasu kuma da gangan suke rage shan ruwa don gudun yawan kewayawa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yawancin garuruwan ƙasar, wannan kaɗai ya isa ya kayar da mutum. Gudawa da amai da zazzaɓi suna yin irin wannan aiki. Haka ma azumi a lokacin zafi ga mai ciwon suga ko mai shan maganin hawan jini. Shi ya sa ake son irin waɗannan su ga likita kafin watan Ramadan ya kama, a daidaita musu lokacin shan magani, a kuma faɗa musu gaskiya idan jikinsu ba zai ɗauka ba.

Wani lokaci kuma faɗuwar suma ce ta ɗan lokaci, daga bugun zuciya da ya rikice. Wanda ya ce bai san yadda aka yi ya tsinci kansa a ƙasa ba, yana bukatar a duba zuciyarsa.

Magunguna

Wannan fanni ne da aka fi mantawa da shi, alhali yana cikin mafi sauƙin gyara. Magungunan barci da na kwantar da hankali irin su diazepam suna rage hanzarin ƙwaƙwalwa, kuma a jikin tsoho sukan daɗe ba su fita ba, har washegari mutum yana tangaɗi. Tramol yana sa jiri da gyangyaɗi. Da yawa daga cikin magungunan mura da na ƙaiƙayi suna sa barci. Maganin hawan jini da ya yi yawa, musamman mai sa fitsari, yana saukar da tansiyo fiye da kima. Insulin da wasu ƙwayoyin ciwon suga irin su glibenclamide suna iya saukar da suga ƙasa sosai idan an sha ba a ci abinci ba, sai a ga zufa da karkarwa da ruɗewa. Dexamethasone da danginsa, waɗanda wasu ke sha na tsawon lokaci don ciwon gaɓoɓi, suna raunana tsoka su kuma cinye ƙashi.

Haɗarin yana ƙaruwa idan magungunan sun kai huɗu ko biyar a rana. A gidaje da yawa, tsoho yana shan na asibiti, da wanda ɗa ya aiko daga Yamai ko Kano, da na masu talla a kai, da jiƙo ko tsimi, kuma babu mutum ɗaya da ya san jimillarsu. Abin da ya dace shi ne a zuba su duka a leda, har da na gargajiya, a kai wa likita ko mai farmasi ya duba. Kada dai a yanke maganin hawan jini ko na suga da ka, domin yin hakan yana da nasa haɗarin.

Tafiyar dare da ta asuba

Idan aka duba gidajenmu, akwai hanya ɗaya da ta fi kowace tara haɗari: daga shimfiɗa zuwa makewayi cikin dare. Dattawa maza da yawa suna fama da kumburin prostat, wanda ke tashin su fitsari sau da yawa. Mata da suka yi haihuwa da yawa sukan sami raunin riƙe fitsari. Ciwon suga ma yana ƙara yawansa. Mutum ya farka a matse, ya yi fama da sange, ya miƙe da sauri, ya fita ido da barci. Makewayi kuma yana can ƙarshen gida, wataƙila an ɗauke wuta.

A kan wannan hanya akwai dokin ƙofa, da bakin tabarma da ya naɗe, da takalman da aka zubar a ƙofar ɗaki, da turmi, da murhu, da turken dabbobi da igiyarsu. A lokacin zafi mutane suna kwana a waje, sai an tsallake su. A makewayin kansa akwai daɓen siminti mai danshi da sabulu, ga tsuguno, wanda ke bukatar ƙarfin gwiwa wajen sauka da tashi, kuma babu abin kamawa. A sababbin gidaje, karo mai sheƙi da aka shimfiɗa a falo da banɗaki yana zama tarko da zarar ruwa ya taɓa shi.

Fitar asuba ita ma haka take. Ana alwala a tsugune, wuri ya jiƙe, a miƙe a sa silifa da jiƙaƙƙiyar ƙafa, a nufi masallaci ta lungu mai kwata da duwatsu. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, taɓo da gansakuka suna ƙaruwa, ruwa kuma yana zaizaye hanyar da mutum ya saba bi. Da sanyi gaɓoɓi sukan sanƙare da safe. Silifa da ta suɗe, da babbar riga ko zane ko hijabi mai jan ƙasa, duk suna da rabonsu. Haka goya jika ko ɗaukar bokitin ruwa ga tsohuwar da ita kanta ba ta tsaya da kyau ba.

Abin da faɗuwa ke bari

Ƙashi yana rage ƙwari da shekaru, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Shi ya sa faɗuwa daga tsaye kawai take iya karya wuyan hannu, ko ƙashin baya, ko ƙashin cinya daga can sama inda ya haɗu da ƙugu. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi muni. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar, a wasu wuraren ma fiye, na tsofaffin da suka yi irin wannan karaya ba sa cika shekara guda a raye, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiya kamar da. Doguwar kwanciya ce ke jawo gyambon baya, da ciwon huhu, da daskarewar jini a jijiya.

Buguwar kai ma tana da yaudara. Jini yana iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai, alamun su bayyana bayan kwanaki ko makonni: ciwon kai, yawan barci, ruɗewa, ko raunin ɓari ɗaya. Iyali sukan ɗauka gigin tsufa ne ya zo farat ɗaya. Masu shan asfirin ko wani maganin tsinka jini sun fi shiga wannan haɗari.

Ko ba a ji ciwo ba, faɗuwa tana barin tsoro. Tsoho ya rage fita, iyali su ce ya zauna kada ya ƙara faɗuwa. Zaman ya ƙara raunana ƙafa, haɗarin da ake gudu ya ƙaru. Wasu dattawan kuma suna ɓoye faɗuwarsu don kada a hana su zuwa masallaci ko majalisa.

Yadda za a gane wanda ke cikin haɗari

Ƙa'idojin rigakafin faɗuwa da masana na ƙasashe da dama suka fitar a 2022 sun ba da tambayoyi uku masu sauƙi. Shin mutum ya faɗi a cikin shekarar da ta wuce? Yana jin rashin daidaito idan yana tsaye ko yana tafiya? Yana fargabar faɗuwa? Amsa "e" ga ko da ɗaya ta isa a ƙara bincike.

Akwai kuma gwajin da ake iya yi a gida. Mutum ya zauna a kujera mai majingina, ya tashi, ya yi tafiyar mita 3 yadda ya saba, ya juyo ya zauna, wani yana kusa da shi don tsaro. Idan abin ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, alama ce ta haɗari. Wanda ya faɗi sau biyu a shekara, ko ya ji ciwo, ko ya kasa tashi da kansa, ko ya suma, ya kamata a kai shi asibiti a duba tansiyo, suga, jini, ido da magungunansa.

Gyaran da ba ya cin kuɗi da yawa

Abin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsa shi ne motsa jiki mai ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa; yana rage yawan faɗuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. OMS tana ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar yin irinsa aƙalla kwana uku a mako. Ba sai an je wani wuri ba: tashi da zama a kujera sau da yawa a jere, ɗaga dunduniya ana dafe da bango, tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin kamawa, da tafiya kullum da sanyin safiya ko yamma. Barin tsofaffi su ci gaba da ƙananan ayyukan da suke iyawa yana cikin kula da su.

A gida kuma, a share hanyar makewayi kowace yamma kafin a kwanta. A ajiye tocila ko fitila mai caji a inda hannu zai kai daga shimfiɗa. Wanda ke yawan tashi a ajiye masa fo ko bokiti mai murfi a ɗaki. Mai walda zai iya kafa ƙarfen kamawa a bangon makewayi, kafinta kuma ya yi kujera mai rami da za a ɗora a kan masai. A sa kujera a wurin wanka da wurin alwala. A shafa wa dokin ƙofa da bakin matakala farin fenti. Gado ya zama daidai gwiwa, yadda ƙafa za ta taɓa ƙasa idan an zauna. Takalmi ya zama mai kama dunduniya, sanda kuma mai roba a ƙasa, tsawonta daidai wuyan hannu idan mutum yana tsaye. Wanda tashi daga sujada ke sa shi jiri, addini ya ba shi damar yin salla a zaune. Kuma duk wanda zai tashi daga barci ya fara zama a bakin gado na ɗan lokaci, ya motsa ƙafafu, sannan ya miƙe. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan an riga an faɗi

Kada a yi gaggawar ciccibar wanda ya faɗi. A fara tambayarsa inda ke masa ciwo. Idan ya kasa taka ƙafa, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ko yana kukan ciwon wuya ko baya, a bar shi yadda yake, a nemi abin ɗaukarsa a kwance zuwa asibitin da ke da radiyo. Karayar saman cinya tana can cikin tsoka inda karan ɗori ba ya kai wa, kuma galibi aikin tiyata take bukata, wanda likitoci suka fi son a yi cikin kwana ɗaya ko biyu. Makonnin da ake ɓatawa ana ja da shafe-shafe a gida su ne ke rage damar sake tafiya. Wanda ya bugu a kai kuma ya yi amai, ko ya ruɗe, ko ya suma, shi ma a tafi da shi nan take.

Idan kuwa ya tashi lafiya, to aikin iyali bai ƙare ba. A zauna da shi cikin ladabi a ji yadda abin ya faru: wane lokaci ne, daga ina zuwa ina, ya ji jiri ko tuntuɓe ya yi, wane magani ya sha a ranar. A tabbatar masa cewa faɗin gaskiya ba zai sa a tsare shi a ɗaki ba. A cikin amsoshinsa ne za a ga abin da ya kamata a gyara a gida, da abin da za a faɗa wa likita.